Ƙusoshin akwatina sun koma ramuka bayan na kai shi injin wasa

“Assalamu alaikum Malam. Wata shida ke nan ina koyon ƙera kayan wasan bidiyo da manhajar Blender. Na sassaƙa wani akwatin ƙarfe mai ƙusoshi da tabon duka a jiki, ya kai alwatika (ƙananan fuskoki masu kusurwa uku da ake gina siffa da su) kusan miliyan 2. Sai na yi wani marar nauyi mai alwatika 900, na gasa nomal maf daga babban zuwa ƙaramin kamar yadda na ga ana yi. A cikin Blender ya yi kyau sosai, amma da na kai shi injin wasa na Unreal sai ƙusoshin suka koma kamar ramuka, ga kuma baƙin layi a kusurwoyi. Gaskiya har yanzu ban ma gane abin da wannan hoton nomal maf mai ruwan shuɗi yake yi ba. Wani kuma ya ce min tunda Nanite ya zo, wato fasahar Unreal mai ɗaukar siffa mai nauyi kai tsaye, ɓata lokacina nake yi. Don Allah a warware min.”

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu huɗu ka tambaya a dunƙule: mene ne aikin shuɗin hoton, me ya loɓa ƙusoshin, daga ina baƙin layin ya fito, sannan ko sana'ar ta mutu. Da na farkon zan fara, domin wanda ya gane shi zai iya gano sauran da kansa ko ba na nan.

Ƙarya ce ake yi wa haske

Ka shiga ɗaki mai duhu da tocila, ka haska bangon siminti gaba da gaba. Za ka gan shi sumul. Yanzu ka manna tocilar a jikin bangon, hasken ya bi ta gefe. Nan take kowane ɗan ƙurji da kowane layin cokalin magini zai fito fili. Bangon bai canja ba. Abin da ya canja shi ne kusurwar da ke tsakanin hasken da inda kowane ɗan yanki na bangon yake fuskanta.

Da wannan kusurwar injin wasa yake aiki. A kowane ɗigo na jikin abu akwai wata kibiya ta lissafi da take tsaye cak a kansa, tana nuna inda ɗigon ya fuskanta. Ita ce ake kira nomal. Idan kibiyar ta kalli fitila kai tsaye, ɗigon ya samu cikakken haske. Idan ta kauce da digiri 60, rabi zai samu. Idan ta kai 90, ba shi da rabo. Johann Heinrich Lambert ne ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1760, kuma har yau ita ce tushen lissafin hasken da ke faɗa wa abin da ba ya ƙyalli.

A 1978 Jim Blinn ya lura da wani abu: tunda lissafin haske kibiyar kawai yake tambaya, ai ba sai an ƙera ƙurjin ba. A bar fuskar a shimfiɗe, a karkatar da kibiyar kamar akwai ƙurji, ido zai ga ƙurji. Shi ya yi amfani ne da hoton tsawo, fari tudu baƙi kwari, kwamfuta ta lissafo karkatar daga gangaren. Shekara 20 bayan haka, a 1998, Jonathan Cohen da Marc Olano da Dinesh Manocha a Jami'ar North Carolina ta Amurka, da kuma Paolo Cignoni da abokan aikinsa a Pisa ta Italiya, suka nuna yadda za a kwashi bayanin jikin siffa mai nauyi a adana shi cikin hoto, a lulluɓa wa siffa marar nauyi. Abin da ka yi wa akwatinka ke nan: aikin shi ake kira gasawa, hoton kuma shi ne nomal maf. Sai a 2004, da fitowar Doom 3 da Far Cry da Half-Life 2, 'yan wasa suka fara ganin dabarar a ko'ina.

To me ya sa hoton shuɗi ne? Kibiya tana da lamba uku: karkatarta hagu ko dama, karkatarta sama ko ƙasa, da yadda ta fito waje. Kowane fiksel na hoto shi ma yana da lamba uku: ja, kore, shuɗi. Sai aka zuba na farko a ja, na biyu a kore, na uku a shuɗi. Lambobin kibiya daga -1 zuwa 1 suke, na launi kuwa daga 0 zuwa 255, don haka sifili ya faɗa a tsakiya, wajen 128. Wurin da babu karkata ko kaɗan zai zama 128, 128, 255, wato wannan shuɗin mai ɗan ruwan shunayya da kake gani ya cika hoton. Ba launi ba ne da za a kalla. Lambobi ne suka ari rigar launi.

Saura abu ɗaya, kuma a nan gizo ke saƙar. “Dama” da “sama” ɗin nan, dama da saman me? Ba na duniyar wasan ba ne. A mafi yawan wasanni ana auna su ne daga jikin fuskar kanta, bisa yadda aka shimfiɗa UV ɗinta, wato yadda aka feɗe siffar kamar fata aka baje ta a kan hoto. Wannan shi ake kira tsarin tanjan. Amfaninsa, idan hannun mutum-mutumi ya lanƙwashe ko akwati ya juya, karkatar tana bin jikin, kuma hoto ɗaya zai iya yi wa bango goma aiki. Akwai wani tsarin da ake auna kibiyar daga siffar gaba ɗaya, hotonsa kamar bakan gizo yake, amma ba ya jure lanƙwasa kuma ba a iya maimaita shi, shi ya sa ba kasafai ake kai shi cikin wasa ba.

Ma'anar wannan ita ce nomal maf yarjejeniya ce tsakanin wanda ya gasa da wanda zai karanta. Manhajar gasawa ta ce, “daga inda fuskar nan take kallo, karkata kaza zuwa dama.” Idan injin wasa ya fahimci “inda take kallo” ko “dama” ta wata fuska daban, umarnin daidai ne amma za a ɓata hanya. A abin da na gani cikin aikina, yawancin matsalar nomal maf daga nan take, hoton kansa lafiyarsa ƙalau.

Ƙusoshin

Taka mai sauƙi ce, kuma kusan kowa ya taɓa faɗa mata. Akwai al'ada biyu game da koren. A al'adar OpenGL, ƙarin kore yana nufin karkata sama. A al'adar DirectX yana nufin ƙasa. Blender da injinan wasa na Unity da Godot da tsarin fayil na glTF suna bin ta farko, Unreal yana bin ta biyu. Ka gasa da yaren Blender, ka miƙa wa mai jin wani yare. Tunda fitilar wasa yawanci daga sama take, saman ƙusar da ya kamata ya yi haske sai ya yi duhu, ƙasanta ya yi haske, ƙwaƙwalwarka kuwa ta saba cewa abin da ya yi haka rami ne.

Ka buɗe hoton a Unreal, cikin saitinsa akwai wani ɗan akwati mai suna Flip Green Channel, ka danna shi. Shi ke nan. Don ka tabbata, ka zaga fitila a kusa da akwatin. Idan koren ne, za ka ga daga hagu da dama ƙusar tana nan a tudunta, daga sama da ƙasa ne take loɓawa, muddin tsibiran UV ɗinka, wato gutsattsarin fatar da aka baje a kan hoton, a miƙe suke ba a juya su ba.

Tunda kana cikin saitin, ka duba abu na biyu. Hotunan launi ana adana su ne da lanƙwasar sRGB, injin yana warware ta kafin lissafi. Idan ya ɗauki nomal maf a matsayin hoton launi ya warware shi, 128 ɗin da ya kamata ta zama 0.5 za ta koma wajen 0.22. Wato ko'ina a jikin akwatin, har wurin da yake a shimfiɗe, zai karkata gefe ɗaya da ƙarfi. A Blender ana sa hoton a Non-Color, a Unity da Unreal kuma a gaya wa injin cewa nomal maf ne. Unreal yakan gane da kansa lokacin shigarwa, amma ni ba na barin abin ga sa'a, sai na duba da idona.

Baƙin layin kusurwa

Wannan ne zai ci maka lokaci, domin dalilinsa ya fi ɗaya, kuma ban ga fayil ɗinka ba. Zan jero su ne bisa yadda suka fi faruwa.

Akwati yana da kusurwa mai digiri 90. A siffa marar nauyi kana da zaɓi biyu a kowane gefe: ka sa shi mai laushi, injin ya gauraya kibiyoyin fuskoki biyun, ko ka sa shi mai kaifi, kowace fuska ta riƙe tata. Idan ka sa duka akwatin mai laushi, kafin a lulluɓa masa komai zai yi kamar matashin kai, inuwa tana gangarawa a fuskar da ya kamata ta zama sumul. Sai nomal maf ya ɗauki nauyin gyara wannan, ka ga hoton ya cika da gangaren launi daga ja-ja zuwa kore-kore. Zai iya yin aiki, amma sai in mai gasawa da injin sun yarda da juna ɗari bisa ɗari, kuma matse hoton yana lalata irin wannan gangaren da wuri.

Don haka ga akwatin ƙarfe, kaifin gefe ya fi. Amma yana da sharaɗi guda da ba a karya shi: duk inda ka sa kaifi, dole ka yanka UV a nan, ka raba tsibiran biyu da ɗan fili tsakani. Ga dalili. A bakin kaifin, fuskar sama tana cewa “karkata digiri 45 zuwa waje”, fuskar gefe kuma tana faɗin akasin haka daga nata ɓangaren. Idan fiksel ɗinsu suna manne a cikin hoto, katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai zana wasan a allo, yana gauraya maƙwabtan fiksel lokacin karantawa, sai kowace fuska ta sha ɗan umarnin 'yar'uwarta. Wannan cakuɗen shi ne layin da kake gani. Juyin maganar bai zama dole ba: kana iya yanka UV ba tare da ka sa kaifi ba.

Na biyu, gefen tsibiri. Idan abu ya yi nisa, injin yana amfani da ƙananan kwafin hoton, rabi, kwata, haka har ƙasa, waɗanda ake kira mifmaf. Kowane ragi yana gauraya fiksel huɗu su zama ɗaya, don haka filin da ke wajen tsibirin yana malalowa ciki. Maganinsa a miƙa launin bakin tsibiri zuwa waje lokacin gasawa. A Blender sunansa Margin. Ni nakan sa fiksel 16 a hoto mai 2048, 8 a mai 1024. Alamar wannan matsalar ita ce layin ba ya nan idan ka matso, sai ka ja baya yake bayyana.

Na uku, keji. Gasawa harbin haske ne: daga kowane ɗigo na ƙaramar siffa ana harba layi a nemo inda ya taɓa babbar, a rubuta kibiyar wurin. Idan gefen mai kaifi ne kuma kowace fuska ta harba nata a miƙe, kusurwar da ke tsakaninsu babu wanda ya kalle ta, sai a samu giɓi. Keji kwafin ƙaramar siffar ne da aka ɗan hura har ya rufe babbar ruf, layukan su taso daga gare shi suna shiga ciki a gauraye, ba giɓi. Farashin da kake biya shi ne ƙusar da ke kusa da baki za ta ɗan karkace, tunda a karkace aka kalle ta. Ana gyara wannan da ƙara layin yanka na ɗan lokaci kusa da bakin, ko kuma a Marmoset Toolbag a shafa gyaran karkatar da hannu, wanda ni ina ganin shi kaɗai ya isa dalilin koyon manhajar.

Bari in ba ka labarin wadda ta fi wahalar da ni. Na taɓa gasa wata ƙofar ƙarfe, ta fito tas a inda na gasa ta, amma a cikin injin sai wata inuwa mai kama da alamar X ta kwanta a kan kowane faifai. Na juya kore, na sake keji, na ƙara girman hoton, an yi ba a yi ba. Kwana biyu ina fama. Ashe fuskokina masu kusurwa huɗu ne, kuma irin wannan fuskar ana iya raba ta alwatika biyu ta hanya biyu. Manhajar gasawa ta raba daga wannan kusurwar, injin ya raba daga waccan. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tun daga ranar nake mayar da siffa alwatika da kaina kafin gasawa, kuma fayil ɗin da na gasa da shi, shi ɗin dai nake kai wa injin, ba ƙanensa ba.

Shi kansa lissafin tanjan a da kowace manhaja da nata, abin ya zama ciwon kai. Morten Mikkelsen ya fitar da wani tsari da ake kira MikkTSpace, yanzu Blender da Unity da Unreal da Substance Painter duk sun san shi. Kai dai ka tabbata lokacin shigar da akwatin injin ya karɓi kibiyoyin da ka fitar, bai sake lissafa nasa ya share kaifin da ka sa ba.

Abin da babbar siffar take buƙata

Ba ka tambayi wannan ba, amma zai same ka nan gaba. Nomal maf bai san tsawo ba, karkata kawai ya sani. Idan ka ƙera ƙusa mai bango a tsaye cak da kai a shimfiɗe, layin gasawa da ya zo daga sama zai ga kai yana kallon sama, jikin akwati ma yana kallon sama, bangon kuwa ba zai gan shi ba sam. Ƙusar za ta ɓace. Dole ka gangarar da bangonta, kuma ka faɗaɗa lanƙwasar gefunan akwatin fiye da yadda take a ƙarfen gaske, domin lanƙwasar da ba ta kai faɗin fiksel biyu ko uku a hoton ba, ƙyalƙyali kawai za ta riƙa yi. Masu fara koyo suna ƙera gaskiya, ƙwararru suna ƙera abin da zai gasu.

Wajen adanawa, kada ka kusanci JPEG. Ka fitar da PNG ko TGA, in da hali ka gasa da bit 16, domin matakai 256 na bit 8 suna iya nuna kamar matakala a jikin ƙarfe mai sheƙi. Injin zai matse shi da kansa, a kwamfuta yawanci da tsarin matsewa na BC5, wanda ja da kore kawai yake adanawa. Shuɗin lissafo shi ake yi, tunda tsawon kibiyar kullum 1 ne, sanin biyu ya isa a fitar da na uku. Hoto mai 2048 sau 2048 da ba a matse ba yana cin megabait 16, da BC5 ya koma 4, mifmaf ya ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai. Akwatin da ɗan wasa zai wuce ta gefensa a guje, 1024 ya ishe shi. Idan kana son ƙananan kaushin ƙarfe su fito in an matso, kada ka ninka girman hoton. Ka ɗora wani ƙaramin nomal maf mai maimaituwa a kai. Sai dai ba a haɗa biyun kamar yadda ake haɗa launi, domin matsakaicin kibiya biyu yana kashe ƙarfin kowace. Hanyar da Colin Barré-Brisebois da Stephen Hill suka bayyana a 2012, wadda ake juya kibiyar ƙaramin ta hau kan ta babban, ita na fi yarda da ita.

Inda ƙaryar take ƙarewa

Kalli akwatin ta gefe, daidai inda jikinsa ya yanke da bayan fage. Layin a miƙe yake, babu ƙusa ko ɗaya da ta fito. Ƙusar ba ta jefa inuwa a kan maƙwabciyarta, kuma ba ta tare abin da ke bayanta. A gilashin VR da ake sawa a ido don a ji kamar ana cikin wasan, abin ya fi tonuwa, domin ido biyu suna auna zurfi, su ga wurin a shimfiɗe yake. Don haka ƙa'idata ita ce: duk abin da zai canja kewayen siffa, a ƙera shi da alwatika. Hannun akwati da kwaɗonsa su zama na gaske. Tabo, ƙarce, layin walda, kan ƙaramar ƙusa, su tafi cikin hoto.

An yi ƙoƙarin cike giɓin. Tomomichi Kaneko da abokansa sun kawo dabarar faralas a 2001, inda ake gusar da hoton bisa kusurwar kallo don a ba da alamar zurfi, Natalya Tatarchuk ta ATI kuma ta bayyana wata mai ƙarfi a 2006 da ke bin layin kallo taki-taki cikin hoton tsawo. Tana yi wa bangon bulo da daɓen duwatsu kyau, amma tana cin ƙarfin kati, kuma a kan akwati mai kusurwoyi da yankan UV da yawa ba na ba ka shawararta.

Sai maganar abokinka. Nanite ya zo da Unreal Engine 5 a 2022, kuma gaskiya ne yana ba ka damar shigar da siffa mai miliyoyin alwatika kai tsaye. Amma an gina shi ne don kwamfutoci masu ƙarfi da na'urori irin su PlayStation 5 da Xbox Series. Wanda yake yi wa waya wasa, ko yake aiki a Unity ko Godot, gasawa na nan daram a gabansa. Ko a cikin Nanite ɗin ma, ƙofofin gashin fata da saƙar yadi da kaushin fenti ba a ƙera su da alwatika, domin fayil zai kumbura a banza, da nomal maf ake yin su. Abin da ya ragu shi ne tilascin gasa kowane dutse da kowane ginshiƙi. Ni yawancin aikina a kan kayan da ba sa motsi ne, ƙofofi da injuna da bango, don haka a nan nake da ta cewa sosai. Fuskar mutum mai motsi, inda ake kunna nomal maf na tamoji yayin da goshi ya tattare, fanni ne mai zaman kansa.

Game da akwatinka, ka fara da juya koren, ka duba sRGB, minti biyu sun isa. Idan layin kusurwa yana nan, ka cire hoton launi gaba ɗaya, ka sa wa akwatin ruwan toka mai sheƙi, saitin kaushi (Roughness) wajen 0.2, domin ƙarfe mai sheƙi ba ya rufa wa kuskure asiri. Ka matso ka ja baya. Layin da ke nan a kusa da nesa, kaifi ne da ba a yanka masa UV ba, ko giɓin keji. Wanda sai daga nesa yake fitowa, gefen tsibiri ne. Idan kuma inuwa ce ta ratsa tsakiyar fuska daga kusurwa zuwa kusurwa, ka koma Blender ka sa Triangulate, ka sake gasawa, ka fitar da wannan fayil ɗin. In duk ka yi bai tafi ba, turo min hoton UV ɗin da gefunan da ka sa wa kaifi a bayyane, tare da nomal maf ɗin kansa, mu duba tare.